Tarko na Shida

Litinin, 27 ga Janairu

Malamar ajinmu ta fito da sabon salo. Wai kowa ya bi uwa ko uba wurin aiki kwana uku, ya dawo ya rubuta shafi ɗaya. Ƙawata Loveth za ta bi mamanta asibiti a Largo, har ta fara lissafin samarin likitocin da za ta gani. Ni kuwa Umma aikinta a kan teburin kicin yake, ita da kwamfuta. Saura Abba. Saura gidan tururi.

Da aka zagayo kaina na ce "injiniya ne," na yi maza na sunkuyar da kai. Ba ƙarya na yi ba. Amma injiniyan da ke cikin littattafan da nake karantawa agogo yake ɗaurawa, yana ƙamshi, yana tsaye jikin taga a hawa na talatin yana tunanin wata. Namu ƙarƙashin ƙasa yake shiga, ya dawo yana warin baƙin mai da jiƙaƙƙen ƙarfe, Umma ta tare shi a gareji ta ce kayan nan ba za su shigar mata falo ba. Sannan ya zauna ya ƙure talabijin har duk mutanen garinmu Bowie su ji labarai.

Da Hausa zan riƙa rubuta wannan. Sadiyya tana ji amma ba ta iya karantawa ba, kuma ba a taɓa yin ƙanwa mai binciken jakar mutane kamarta ba.

Laraba, 29 ga Janairu

An kawo takalman. Baƙaƙe, da ƙarfe a baki, kowanne ya yi nauyin turmi. Allah ya sa kar in haɗu da wanda na sani.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Rana ta ɗaya. Mun fita bayan asuba, shiru tun daga gida har cikin Washington. Ni da Abba dama ba ma hira. Ni ce 'yar fari, shi kuma irin mutanen da ne, ko sunana ba ya faɗa, sai "ke" ko "yayar Sadiyya". Ni ma in zan yi masa magana ƙasa-ƙasa nake yi, ido a kan yatsun ƙafa, yadda Umma ta koya mini tun muna Zariya. A Amurka fa. A wannan zamanin.

Wurin wani tsohon ginin jan bulo ne da aka matse tsakanin otal da ofisoshi masu gilashi, kamar tsohuwa da zanin gida a tsakiyar 'yan biki. Ciki kuwa ƙara da zafi da wari. Shugabarsu Olive ce, baƙar Ba'amurkiya, ta doshi sittin, murya kamar lasifika. Ta kira ni bebi. Ta kifa mini hular kwano a kan hijabi, ta cusa bakin hijabin cikin riga da hannunta wai kar inji ya kama, ta ba ni wasu 'yan soso in toshe kunne. Na ga kaina a gilashin ƙofa. Gara ban gani ba.

Abba bai yi mini bayanin komai ba. Ya ce, "Inusah, nuna mata." Inusah makanikensu ne, ɗan Kumasi, gajere, ba ya minti ɗaya bai yi dariya ba.

"Kin ga wannan ƙaton? Tabain ke nan. Gas yake ci, ya juya, ya ba da lantarki. To zafin da yake fitarwa ta baya, wasu sakinsa suke yi sama, ya tafi a banza. Mu ba ma yarda! Mu kama shi, mu tafasa ruwa da shi, tururin ya bi bututu ƙarƙashin titi ya ɗumama gini arba'in da wani abu. Wuta ɗaya, aiki biyu. Kamar ki ɗora tuwo, ki jingina butar shayi a gefen murhu."

Wato duk karatun da Abba ya yi, da barin ƙasa, da biza, don a jingina buta ne.

Na ci abincin rana a kan benci kusa da wani bututu mai ɗiga. Na karanta babi biyu a waya. A can ana cikin lambu ana ruwan sama, a nan Inusah yana sakace haƙori da waya.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ɗakin kwamfutoci yau. Awa shida ina kallon lambobi suna hawa suna sauka. Mutum huɗu manya, masu iyali, sun yi musun rabin awa a kan wanda ya shanye madarar kofi.

Olive ce ta ga ina hamma ta jawo kujera. Ta ce ko na san waye ubana. Na ce e mana. Ta ce a'a, ban sani ba.

Wai tururi in yana tafiya a bututu, wani yana hucewa ya koma ruwa. Shi ya sa kowane 'yan taku akwai wani ɗan ƙarfe da suke kira tarko, aikinsa ya zubar da ruwan ya riƙe tururin. In tarko ya toshe, ruwa ya taru, sai ranar da aka buɗe layin bututun da ƙarfi tururi ya kwaso ruwan nan ya maka shi a kwana. Ta dunƙule hannu ta naushi tafinta. Ta ce ta taɓa ganin bututu mai kaurin cikinta ya tsage haka a wani wuri da ta yi aiki da, kuma mutumin da ke tsaye a gefen bai ƙara aiki ba. Ba ta faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

To wai akwai na'urar gwada tarkon, tana cikin kabad. Amma Abba sukudireba yake ɗorawa a jikin ƙarfen, ya kara ƙotar a kunne, ya gaya musu lafiyarsa. A masaƙa ya koya, a Kaduna, tun yana saurayi. Sau uku na'ura tana cewa lafiya shi yana cewa a'a, a buɗe a tarar shi ne da gaskiya.

"In Mista Tama ya ce lafiya, bebi, ba na ɓata batir."

Sunansa Maitama ne ya koma Tama. Kuma abin alfaharin gidanmu ke nan, sukudireba a kunne. Zan rubuta wa malama wannan ta karanta wa aji, in mutu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Sun sauka da ni ramin layin gabas. Ba rami sosai ba, wani dogon lungu ne a ƙarƙashin titi, da fitilu, ana jin motoci a sama. Ni, Abba, Inusah, da Olive riƙe da takarda. Layin a hankali yake aiki yanzu. Ranar Talata mai zuwa za su buɗe shi gaba ɗaya, don an haɗa wani sabon otal kuma ana cewa sanyi zai sauko. Inusah ne zai tsaya a ciki ya juya bawul ɗin da ke sakin tururin. Ya ce shi ne ango ranar.

Tarko takwas ne. A na farko Abba ya kara sukudirebarsa, ya gyaɗa kai, Olive ta yi maki. Sai Inusah ya ce, "Injiniya, a ba wa 'yarka ta ji mana, ko jini zai yi aiki." Abba ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ƙotar da ɗumi, da maiƙo. Na cire soson na kara don dai a rabu da ni. Sai na ji. Ƙyas, sannan shuuu, sannan shiru. Ka ɗan jira, ya sake. Kamar abu mai numfashi. Na biyu haka, na uku haka. Har na fara ƙirga tsakaninsu a zuci, don rashin aikin yi.

Na shida babu ƙyas. Babu shuuu. Wani gurguɗu kawai nake ji can ciki, irin na ruwa a cikin jarka. Na jira, na ƙirga har arba'in. Babu.

Abba ya riga ya saurare shi kafin ni. Ya gyaɗa kai daidai yadda ya gyaɗa wa sauran, daidai tsawon lokacin, ya ce lafiya. Olive ta riga ta yi maki.

Na tsaya da sukudireba a hannu. Inusah ya ce, "Yaya, ƙaramar injiniya?" Su uku suna kallona. Abba ma, karo na farko.

Na ce, "Lafiya."

To me zan ce? In ce Abba ba haka ba ne, a gaban shugabarsa, a gaban Inusah? Ni da ko ruwa zan ba shi sai na durƙusa?

A na bakwai da na takwas ban saurari tarko ba, shi na kalla. Yana karawa, idonsa a kan bango, leɓensa yana ɗan motsi. Ƙirgawa yake yi. Ya kai goma ya gyaɗa kai.

Sai na tuna ƙarar talabijin ɗin gida. Da yadda Umma take zagayowa ta gabansa kafin ta yi magana.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na koma makaranta. Loveth ta ga likita mai dimful a kumatu. Na taya ta murna.

Wataƙila ni ce ban iya ji ba. Me na sani? Kwana uku.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na samu Umma tana yanka kubewa, na gaya mata duka. Ba ta ɗago ba.

"Kunnen dama ya fi shekara biyu. Na hagun ne ya fara bi tun bazara."

Na ce to Umma me ya sa ba a je asibiti ba?

"Ke za ki kai shi? Mutumin da duk wurin nan da kunnensa suka san shi?" Ta share wuƙar a gefen faranti. "Ke dai ki iya bakinki. Abbanku ya san aikinsa tun ba a haife ki ba. In akwai matsala zai gani."

Na ce ba gani ake yi ba, ji ake yi.

Ta dube ni irin kallon nan. Ta ce in ɗauko mata daddawa a firiza.

Wannan gida! Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, kuma sunan abin tarbiyya. An iya gaisuwa kala bakwai, an iya durƙuso, amma a ce wa mutum kunnenka ya mutu, a'a, wannan rashin kunya ne. Gara bututu ya fashe cikin ladabi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Umma ta ce in raka Abba College Park sayen nama. Na san da gangan ta yi, ko kuma ban sani ba.

Na shirya maganar tun daga gida, na maimaita ta sau ashirin. Muna tsaye a danja na ce, "Abba, tarko na shida, ina jin kamar ba ya aiki."

Ya ce, "Na'am?"

Na sake faɗa. Wallahi na ɗaga murya, a ganina.

Ya leƙa sama ta gilashi ya ce, "Ai kuwa. Sun ce Talata sanyi zai sauko sosai."

Ina zaune a damansa. Kunnen da ya mutu. Kuma muryata, wadda malamai ma sai sun ce in maimaita. Na juya ina kallon taga har muka isa. Ya sayi cinya biyu da hanta, ya tsaya gaisawa da mai shagon minti ashirin, yana dariya duk inda ya ga mutumin ya yi dariya.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na buɗe littafi na rufe. Yarinyar ta yi babi goma sha ɗaya tana kasa gaya wa mutum abu ɗaya, tana kuka a jikin labule. Da ina cewa wayyo. Yau ji na yi kamar in shiga wayar in mare ta. Buɗe baki, malama, ba ciwo ne da ke ba.

Na yi tunanin rubuta wa Abba takarda in sa a aljihun rigar aikinsa. Umma tana wanke ta yau. Na yi tunanin kiran Olive, lambarta tana jikin firij. Wato in kai ƙarar ubana wurin shugabarsa, ta bayansa. A'a.

Inusah yana da 'ya'ya mata uku. Ya nuna mini hotonsu ranar Litinin, ban ma duba da kyau ba, ina can ina raina wayarsa mai fasasshen gilashi.

Jibi ne.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na yi.

Da safe Abba yana gareji yana ɗaura takalmi, a zaune a kan bokitin fenti. Na fito da jakar makaranta. Na zagaya ta hagunsa. Ban durƙusa ba, don in na durƙusa ƙasa zan kalla. Na tsaya a gabansa sosai har ya ɗago.

"Abba, na shida ba ya aiki."

"Na'am?"

Sai kawai na ji abu ya fito daga cikina, ban san ina da shi ba.

"TARKO NA SHIDA YA TOSHE! BABU ƘYAS! RUWA NE A CIKI! KAI MA BA KA JI SHI BA, ƘIRGAWA KAKE YI!"

Garejin ya amsa. Sadiyya ta leƙo da buroshi a baki. Umma ta zo bakin ƙofa da ludayi, ta ce "Kausar!" sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Na yi wa ubana ihu. Na ce masa "kai".

Igiyar takalmin tana hannunsa. Ya daɗe yana kallona, amma ban sunkuya ba, na kasa ma. Can ya ce, a hankali, "Har nawa kika ƙirga?"

Na ce arba'in. Na nuna da yatsu, huɗu da sifili.

"Sauran fa?"

"Sha biyu. Sha biyar."

Ya ƙarasa ɗaurin takalminsa. Ya shiga mota ya tafi, ko sallama. Bas ta wuce ni, Umma ta kai ni har ƙofar makaranta. Da zan fita ta gyara mini hijabi ta baya, da ɗan ƙarfi.

Na yi amai a banɗakin makaranta. Jarumar kirki.

Talata, 11 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara tun azahar, an tashe mu da wuri.

Ba daga bakin Abba na ji ba, ai ba za a yi haka ba. Inusah ne ya kira wayar Umma ya ce a ba shi ƙaramar injiniya. Wai jiya Abba yana isa ya buɗe kabad ya ɗauko na'urar da kansa, kowa yana kallo. Suka sauka. Na shida a toshe da tsatsa. Sun rufe layin, sun tatsi ruwa ya fi durom biyu. Yau suka buɗe lafiya lau, otal ya ɗumama.

"Durom biyu, 'yata! Da yau matata tana karɓar gaisuwa." Yana dariya. Sai dariyar ta tsaya, na ji yana jan hanci, ya ce layin waya ba kyau, ya kashe.

Mutanen otal ɗin nan suna kwance cikin ɗumi, suna ƙorafin tawul. Ko sanin akwai rami a ƙarƙashinsu ba su yi ba. Sakarkaru.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Makaranta duk jajayen balan-balan. Wani ya ba Loveth beyar roba mai waƙa. Abin tausayi.

Abba ya gaya wa Olive maganar kunnensa da bakinsa. Umma ce ta faɗa mini, tana ninke kaya, kamar da kayan take magana. An cire shi daga zagayen rami. Ɗakin kwamfutoci zai riƙa zama, wurin masu musun madara. An sake gwada duk tarkunan da ya duba tun bazara, ɗari da wani abu, an samu biyu kuma.

Kwana huɗu bai kunna talabijin ba. Yana dawowa da kayansa tsaf, ba wari, Umma ba ta da abin tarewa a gareji. Ya zauna a falo da hannuwa a kan gwiwa. Na kai masa shayi, ya karɓa, bai dube ni ba. Dama ba ya dubana. Amma wannan daban ne, na san bambancin.

Ni na yi masa wannan. Da na sake samun ranar, da na sake yi. Duka biyun gaskiya ne kuma ba wanda ya sa na ji daɗi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sun je wurin likitan kunne, shi da Umma. Ba wanda ya ce mini komai. Na ga takardar a kan firij, an manna ta da maganaɗisu a inda kowa zai gani.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An sa masa na'urorin ji. 'Yan ƙanana ne, launin toka, a bayan kunne. Tunda ya shigo yake faɗa. Firij yana ƙara. Sadiyya tana tauna kamar akuya. Wa ya bar famfon sama yana ɗiga, tun yaushe? Umma ta ce tun bara, ranka ya daɗe.

Na kawo abinci na ajiye, na ce, "Abba, ga shi," yadda na saba, ƙasa-ƙasa.

Ya tsaya da cokali a hannu. Ya juyo.

"Sake faɗa."

Na sake.

Ya dubi Umma ya ce, "Ashe muryar Hajiya ce da ita." Mahaifiyarsa. Ban taɓa ganinta ba, ta rasu kafin a haife ni. Ya sunkuya yana cin abincinsa da sauri, ya ce miyar ta yi yaji.

Ba yaji a miyar. Ni na yi ta.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na miƙa rahoton. An ce shafi ɗaya, nawa huɗu ne, har da zanen tabain da bututu. Rubutuna ne manya, ba wani abu ba. Wurin yana nan da warinsa, na rubuta hakan ma.

Da safe Abba ya ce wa Umma ai makarantar a kan hanyarsa take, ba sai an jira bas ba. Ba a kan hanyarsa take ba. A mota ya tambaya, yana kallon titi, wai da me ake ɗumama ajinmu, ruwan zafi ko iska. Na ce ban sani ba, amma akwai wani bututu a bayan kujerata da yake bugawa duk ƙarfe tara. Ya ce bugu irin yaya. Na kwatanta. Ya ce a'a, yi shi sosai. Na yi da baki, da ƙarfi, kamar wata mahaukaciya, a danja, wata mata a motar gefe tana kallo.

Har muka isa ina zuba. Ban san me ya same ni ba.

Ranar Litinin zan ƙirga masa tsakanin bugun. Tunda dai ya tambaya.